Tsagar Ƙirya

A Mai Wurno, bayan gidanmu, inda ake ɗaure jaki,
akwai wani kututture da ya girme ni.
An sare itacen shekarar da gas ya yi wuya,
wata uku muna tuƙa tuwon dawa da rassansa.
Bana, da kogi ya cika ya ja da baya,
sai ga toho ya leƙo ta gefensa,
ganye ƙanana, a jere kamar haƙoran mataji.

Maƙwabcinmu Dafallah ya iso da gatari.
Ya ce miskit ne, annobar nan mai shanye rijiya,
ka bar shi yau, gobe ya cinye maka gona.
Kakata Tabawa ta fito tana dogara sanda,
ta zauna daram a kan kututturen.
Ta ce, ƙirya ce.
Ubana ya ɗauko irinta daga Gobir cikin gafaka,
shekara bakwai yana tafiya, bai kai Makka ba,
nan ya sauke kaya, nan ya binne ta.
Mai son sara ya fara da ni.

Ni kuwa aikina ke nan a Madani,
tambayar itatuwa sunansu.
Na tsinki ganye biyar, na sa a ambulan,
na hau motar safe da su a aljihun gaba.

Kaka takan dubi kumatun baƙo sau ɗaya
ta ce, wannan Bagobiri ne, wancan daga Daura.
Yanzu an daina tsaga, karatunta ya rasa allo.
Amma itace bai daina ba.
Tasa tsagar tana can ciki, inda aska ba ta kai,
cikin ƙwayar halitta, siririya, ido ba ya gani.

Na busar da ganyen, na daka a ɗan turmin tangaran
wanda ko barkono ɗaya ba zai ɗauka ba.
Na zuba ruwan magani, na'ura ta juya shi har ya kwanta.
Sau biyu wuta ta ɗauke, sau biyu na sake daga farko.
Ran Laraba saƙo ya dawo:
haruffa huɗu kacal, suna ta musayar wuri,
ɗari shida da 'yan kai,
layi-layi kamar zanen da ke bayan kwalin sabulu.
Na jera su kusa da na dangi a ma'ajiyar kwamfuta,
na miskit, na bagaruwa, na gawo, na dakwara.
Ɗaya bayan ɗaya suka kauce.
Ƙirya ce ta tsaya, harafi bisa harafi.

Na koma gida da takarda a hannu.
Dafallah ya karanta, ya sosa ƙeya,
ya ce, ai shi ke nan, ya jingine gatarin,
har ya kawo ƙaya ya kewaye tohon saboda awaki.

Da dare Kaka ta kira ni bakin gadonta.
Ta ce, to, na'urar taku ta faɗi Gobir?
Na yi shiru ina wasa da gefen tabarma.
Ƙirya tana fitowa a kudancin ƙasar nan ma,
tsuntsu na iya kawo ta, saniya na iya kawo ta.
Takardata ta san jinsi,
ba ta san gafaka ba, ba ta san rijiyoyin hanya ba,
ba ta ga faso a dugadugan mutumin ba.

Na ce, Kaka, ba ta kai nan ba tukuna.
Ta ce, ashe yarinya ce.
Ta juya ta fuskanci bango,
ta ce in tuna in zuba wa tohon ruwan alwala da asuba.